Gawo, tara da sassaben zamani: yadda itace ya bar gonakinmu ya kuma dawo

Duk shekara ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ana fitar da ƴan lakkwal su dasa itatuwa. Abu ne mai kyau, amma yaro kan tashi da tunanin cewa itace ba ya samuwa sai an kawo dashe cikin leda. Tarihin gonakin Maraɗi da Damagaram ya nuna wani abu dabam: yawancin itatuwan da muke gani a yau ba wanda ya dasa su. An bar su ne kawai suka girma.

Kakanninmu sun san darajar gawo tun da daɗewa. Shi ne itacen da ke kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya rufe wa hatsi rana, ganyen da ya zube kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su sha inuwa su ci ƴaƴansa su bar kashi a gona. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya ɗora wa mai sare gawo. Hukunci ne mai ban tsoro, amma amfanin itacen na komawa ga mai gonar.

Da zuwan Faransa lissafin ya juye. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan Afirka ta Yamma da ke hannunsu, ta mai da daji da wasu itatuwa na musamman abin da hukuma ke iko da shi. Bayan ƴancin kai, dokar 1974 ta bi wannan sawu. Manomi na iya shan tara don ya sassake reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa ba tare da takardar ƴan gandun daji ba, alhali baƙo mai takarda na iya zuwa ya sare shi. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka koyi kashe toho tun yana ƙarami, kafin ya zama itacen da za a tuhume su a kansa. Dokar da aka yi don kare itace ita ta sa manomi ya ƙi shi.

A gefe guda kuma ga noman gyaɗa, wadda ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa kafin uranium. Malaman gona na lokacin sun koyar cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Jama'a ta ƙaru, saura ta ragu, sannan farin 1973 da na 1984, wanda tsofaffi ke kira El Buhari, suka ƙarasa abin da ya rage. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata kuma suka koma girki da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna a gona.

Gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Maraɗi a watan Mayun 1984 kan hamada. An yi dashe da yawa a waɗannan shekaru. Wasu ayyukan sun tsaya, kamar layukan kare iska na kwarin Majiya da aka fara a 1975, amma galibin dashen ya mutu. A daidai lokacin ne wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan kalgo da sabara da ake ɗauka ciyayi ne, toho ne na itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙasa. A zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Shi ne aka kira sassaben zamani.

Ban yarda a mai da labarin na mutum ɗaya ba. Da farko an ba mutane abinci don su bar toho, da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne maƙwabta suka ga sun samu itacen girki da na sayarwa, hatsinsu kuma bai ragu ba. A Magarya da Matamai da Mirya manoma sun cika gonaki da gawo ba tare da wani aiki na waje ya kai gare su ba. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne hannun hukuma ya yi sanyi a ƙauyuka, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka fara amincewa da haƙƙin mai gona. Masu binciken da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Sai a 2020 aka fitar da dokar da ta tsara sassaben zamani kanta, kusan shekara 35 bayan manoma sun fara. Rigimar kuma ba ta ƙare ba. Makiyayi da ya saba sassako wa dabbobinsa ganye a ƙarshen rani yanzu yana tarar da itacen da mai shi. Wanda ya ari gona ko ya yi jingina yana shakkar barin toho, domin mai gonar na iya ganin yana neman kafa iko. Mata, su da ke neman itacen girki, ba kasafai gonar ke hannunsu ba. A Ɗan Saga ta Agye an kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, satar itace kuma ta ragu. A ƙauyukan da ba a yi wannan zama ba, har yanzu da dare ake sare tohon da mutum ya shekara uku yana reno.