Gocewar kafaɗa a karon farko: dalilin da ya sa mayar da ƙashi bai wadatar wa matasa ba

A cikin manyan gaɓoɓin jikin ɗan Adam, kafaɗa ce aka fi samun ta goce. Dalilin yana cikin halittarta. Kan ƙashin dantse dunƙulalle ne, ramin da yake zaune a ciki kuma ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke iya juyawa ta kowace fuska. Abin da ke riƙe da gaɓar shi ne zoben guringuntsi da ke bakin ramin, da jijiyoyi da tsokar da suka kewaye ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa, ƙashin gaba yake fitowa, galibi idan an ɗaga hannu an murɗe shi baya da ƙarfi, kamar yadda ke faruwa a kokawa, dambe, ƙwallon ƙafa ko faɗuwa daga babur. Gocewa ta baya ba ta da yawa, kuma an fi ganin ta bayan farfaɗiya ko jan wutar lantarki.

Matakin farko shi ne mayar da ƙashin wurinsa cikin gaggawa, a asibiti. Likita kan ɗauki hoton ƙashi kafin mayarwa da bayanta, domin wani lokaci gocewar kan zo da karaya. Haka kuma yakan duba ko gefen dantse ya mutu, saboda akwai jijiyar saƙo da ke zagaye wuyan ƙashin wadda gocewa kan taɓa. Nan ne haɗarin garzayawa wurin mai ɗori ko barin abokan wasa su fizgi hannu yake. Jan hannu da ƙarfi ba tare da hoto ba na iya karya ƙashin ko ƙara lalata jijiyar.

Matsalar matashi takan fara ne bayan an mayar da ƙashin. A mafi yawan matasa, gocewar farko tana ɓalle zoben guringuntsin daga bakin ramin, raunin da ake kira da sunan likitan tiyata ɗan Ingila Arthur Bankart, wanda ya yi bayaninsa a 1923. Sau da yawa kuma kan ƙashin yakan lotsa a bayansa lokacin da ya daki bakin ramin. Idan zoben bai koma ya manne ba, kafaɗar na iya sake fita ko da wajen sa riga ne.

Wani bincike da aka yi a Edinbura ta Sikotlan, aka wallafa a 2006, ya bibiyi marasa lafiya ’yan shekara 15 zuwa 35 da ba a yi wa tiyata ba. Sama da rabinsu kafaɗarsu ta sake gocewa ko ta riƙa zamewa cikin shekara biyu, kuma adadin ya kai kusan kashi biyu cikin uku a shekara biyar. Samari maza masu ƙarancin shekaru su suka fi shiga haɗari. A Suwidin kuma, likita Lennart Hovelius ya bibiyi kafaɗu 257 na tsawon shekara 25, ya gano cewa ɗaure hannu na makonni bai rage yiwuwar sake gocewa ba.

Saboda haka likitoci ke auna hanyoyi biyu. Ta farko ita ce rataye hannu a wuya na ɗan lokaci don raɗaɗi ya lafa, sannan a shiga gashin ƙashi da motsa jiki domin ƙarfafa tsokar kafaɗa. Wannan hanya ta fi dacewa da wanda ya manyanta ko wanda ba ya wasa mai karo. Ta biyu ita ce tiyata tun daga gocewar farko, inda ake zura ƙaramar kyamara ta ƙananan huda a ɗinke zoben. Wani gwaji da aka yi a Kanada, aka wallafa a 1999, kan mutum 40 ’yan ƙasa da shekara 30, ya nuna kashi 47 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa tiyata ba sun sake gocewa cikin shekara biyu, yayin da na waɗanda aka yi wa ba su kai kashi 16 ba.

Tiyata ma tana da nata nauyin: kuɗi, yiwuwar ƙagewar gaɓa, da watanni kafin a koma fili. Amma jinkiri yana da tsada, domin kowace gocewa tana iya ƙara cinye ƙashin bakin ramin. Idan ƙashin ya ragu sosai, ɗinki kawai ba ya isa, sai an koma aikin da likitan Faransa Michel Latarjet ya fito da shi a 1954, wanda ake yanko wani ɓangare na ƙashin kafaɗa a dasa a bakin ramin.

Matashin da kafaɗarsa ta goce sau ɗaya, musamman ɗan wasa ko mai aikin ƙarfi, yana buƙatar ganin likitan ƙashi cikin makonnin farko, ko da raɗaɗin ya tafi. Asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano suna duba irin wannan rauni, kuma shekarun mutum, sana’arsa da abin da hoto ya nuna su ne za su yanke shawarar hanyar da za a bi.