Daga Karan Ɗori zuwa Allurar Baya: Ciwon Ƙugu a Zangon Accra

A farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya kafa sansanin shanunsa a wurin da ya zama Nima, asibitin Korle Bu ya riga ya fara aiki, domin tun 1923 Gwamna Guggisberg ya buɗe shi. A 1941 kuma aka kafa asibitin soja na 37, dab da unguwar. Amma duk da haka, idan mutumin Zango ya karye, gidan maɗori ake fara nufa da shi.

Sana'a ce ta gado. Ƙarti su danne mai karaya, maɗori ya lalubi ƙashin da yatsu, ya ja, ya daidaita, ya shafa man kaɗanya, ya yi tofi, sannan ya jera kara ya ɗaure tam. Maganin zafi kuwa ɗaya ne: dauriya. "Sannu, yi haƙuri, an kusa," shi ke nan. Namijin da ya yi raki kuwa ya bar wa kansa abin faɗa a majalisa.

A hannu ko ƙwauri, sau da yawa ɗorin kan kama. Ƙugu ne ya gagara. Wuyan ƙashin cinya yana can cikin tsoka, inda kara ba ya kaiwa, sai tsohuwa ta yi watanni kwance har bayanta ya yi gyambo.

Maganin ya biyo wata hanya mai nisa. A 1898, a garin Kiel na Jamus, likita August Bier ya zuba hodar ibilis narkakkiya cikin ruwan lakar majiyyaci, ƙafafu suka mutu, mutum kuwa idonsa biyu. Da shi da mataimakinsa suka gwada a jikinsu, suka sha ciwon kai na kwanaki. A 1962 John Charnley ya daidaita ƙugun roba da ƙarfe a Ingila. Ita kuwa allurar baya ta Bier, wadda matan Nima da Maamobi suka sani a ɗakin tiyatar haihuwa, ta dace da asibitocinmu saboda araharta.

Aibinta, cikin 'yan awoyi take saki, zafi ya dawo da ƙarfinsa. Shi ya sa likitoci suka koma bin jijiyoyin ƙugun kai tsaye. A 1989 Bernard Dalens na Faransa ya bayyana allurar da ake yi a matsematsi, a 2018 kuma likitocin Toronto suka fito da wata da ake kira PENG, ana kallon bakin allura a na'urar hoton ciki. Zafi kan lafa tsawon awoyi masu yawa, a rage mofin mai sa amai da ruɗa tsofaffi, washegari ma a iya tayar da majiyyaci tsaye. Ba tsofaffi kaɗai ba: matasa masu sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa, su ma suna cikin layin tiyatar ƙugu.

Har gobe maɗori na da kasuwa, don yana kusa, yana da sauƙin biya, kuma ba ya yanka. Sai dai idan Hajiya ta zame a banɗaki ta kasa taka ƙafa, kada a tsaya saya mata tiramol a kemis. A kai ta hoto a ranar, kuma kafin tiyata iyali su tambayi likita ko akwai allurar kashe jijiyar ƙugu.