Ko a Rasha ƙafa ɗaya ce: tarihin kalmar noga

Duk shekara idan muka kai darasin sassan jiki, nakan zana yaro a allo in ja kibiya biyu, ɗaya a ƙwauri in rubuta jambe, ɗaya a ƙasa in rubuta pied. Duk shekara kuma sai an samu wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai duka ƙafa ce." Bana na ba da wannan labari a taron iyayen yara don a yi dariya, sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka gani ko? Harshen da bai raba jambe da pied ba, ta yaya za a koyi aikin likita da shi?" A ranar ban ba shi amsa mai gamsarwa ba. Ga amsar yanzu, daga gabashin Turai na ɗauko ta.

Akwai dangin harsuna da ake kira na Silafawa, masu magana da su sun kai wajen miliyan 300. A gabas akwai Rashanci da harsunan Yukiren da Belarus. A yamma akwai na Polan da Cek da Silobakiya. A kudu akwai na Sabiya, Kuroshiya, Silobeniya, Masedoniya da Bulgeriya. Asalinsu harshe ɗaya ne. A ƙarni na 6 da na 7 masu shi suka bazu har suka kai yankin Balkan, daga nan bakunansu suka soma rarrabuwa.

Kusan dukansu kalma ɗaya suke da ita ga abin da ya taso daga cinya har yatsu. Mutumin Rasha noga yake cewa, haka na Polan da na Sabiya da na Kuroshiya. Idan ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, noga ce ke ciwo. Idan ya karye a ƙwauri, noga ce ta karye. Haka kuma ruka take a Rashanci, daga kafaɗa har yatsu, daidai da hannu a wurinmu, alhali Bafaranshe ya raba bras da main.

Kalmar tsohuwa ce a rubuce. A shekarar 863 aka aiki wasu ƴan uwa biyu daga birnin Tasalonika, Siril da Metodiyus, zuwa ƙasar Morabiya. Su ne suka ƙirƙiro wa Silafawa baƙaƙen rubutu na farko, suka fassara littattafan addinin Kirista. A tsoffin rubuce-rubucen wannan harshe noga tana nan yadda take yau. Harshen yana da siga ta musamman ga abu biyu, irin wadda almajirai suka sani a Larabci, sai ƙafafu biyu su zama noze. Yawancin harsunan sun yar da wannan siga, amma a Masedoniya har gobe jam'in noga shi ne noze.

Da zamani ya yi nisa, sai furuci ya sauya a wasu wurare. Wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, sautin g ya koma h a bakin mutanen Cek da Silobakiya, shi ya sa noha suke cewa. Haka mutanen Yukiren suke furtawa, na Belarus kuma naha. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Bakano ya ce ƙafa, mutumin Tawa ya ce ƙahwa. Wancan ya ce tafi, wannan ya ce tahi. Babu wanda ya ɓata harshe a cikinsu, kowa da hanyar da bakin garinsu ya bi. Bulgeriya ce ta fita daban: a maganar yau da kullum krak suke cewa, kalmar da ke da dangantaka da korak ta Sabiyawa mai nufin taku. Amma ita ma krak ɗin ta haɗa sama da ƙasa duka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalin kalmar. Harsunan Silafawa da Faransanci da Jamusanci da Girkanci kakansu ɗaya, kuma wannan kaka yana da tasa kalmar ta ƙafa. Ita ce ta zama pes a Latin, ta zama pied a Faransanci. Silafawa sun gaje ta, amma sun ture ta gefe. Saura kaɗan ya rage, kamar peshkom, wato tafiya a ƙasa, da pehota, sojan ƙasa, a Rashanci. Wadda ta maye gurbinta, noga, da can ba ƙafar mutum take nufi ba. Kofato ko akaifa take nufi. Shaida na nan a maƙwabta: a harshen Lituweniya naga kofato ce, nagas kuma akaifa. A Jamusanci Nagel akaifa ce. Ko a Rashancin kansa, akaifa nogot ce. Ongle ɗin da muke koya wa yara a aji ma ƴar gidan ce, domin daga ungula ta Latin ta fito, mai nufin kofato. Kenan kakannin Silafawa sun ɗauki sunan kofaton dabba sun laƙaba wa ƙafarsu, aka yi ta faɗa har aka manta daga inda ta fito.

Kafin wani ya yi musu dariya, ya tsaya ya dubi jambe. Latin na da kalmar crus ga ƙwauri. Mutanen gari suka bar ta suka ɗauki gamba, kalmar masu jinyar dawaki, mai nufin gaɓar ƙafar doki. Ita ce ta zama jambe. Ashe rabuwar da dattijon nan yake ganin alamar ci gaba ce, hatsarin tarihi ne kawai: wani ya ari kalma daga ƙafar doki ya ajiye tsohuwar a gefenta, wani ya ara daga kofato ya bar ta ta cinye duka.

To, sai maganar likita. Nikolai Pirogob, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1881, yana cikin manyan likitocin fiɗa na zamaninsa. A shekarun 1850 ya fito da wata hanyar yanke ƙafa daga idon sawu wadda ke barin ƙashin diddige, don mutum ya samu abin takawa. Har yau da sunansa ake kiran aikin. Shekaru ɗari bayansa, Gabril Ilizarob a garin Kurgan ya ƙera ƙarfen da ke ɗora ƙashi har ya ƙara masa tsawo, kuma asibitocin duniya suna aiki da shi. Dukansu da Rashanci suka yi aiki, harshen da noga ɗaya ce a cikinsa. Idan suna son tantancewa, suna da stopa, tafin ƙafa da bayanta, da golen, ƙwauri, da bedro, cinya. Mu ma haka: cinya, gwiwa, ƙwauri, sharaɓa, idon sawu, diddige, tafin ƙafa. Kowane maɗori a ƙauye ya san su, ba ya kuma ɗora cinya a madadin ƙwauri.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Amma doka ba ta shiga zuciyar yaro. Abin da yake ji daga bakin ubansa da malaminsa shi ke shiga. Idan muka ce masa harshensa gajere ne, zai ji kunyar abin da ya zo da shi daga gida, ya koma hadda ba fahimta. Da yawa a cikinmu mun rataya sambol a wuya saboda Hausa ta kuɓuce mana a filin lakwal, mun san zafin abin.

Ni dai na sauya yadda nake wannan darasi. Kafin in rubuta Faransanci ko ɗaya, nakan sa yara su lissafo sunayen sassan ƙafa da Hausa, kuma ba a jimawa allo ke cika. Daga nan sai in ce musu Bafaranshe ya yanka ƙafa biyu a idon sawu, sama jambe, ƙasa pied, Barashe kuma bai yanka ba, kamar mu. Sun fi saurin riƙewa ta haka. Ina roƙon iyaye su gwada a gida: ku tambayi yaro ina ne sharaɓa, ina ne idon sawu. In bai sani ba, ku nuna masa, kafin ya zo wurinmu.