Cincirindon Ƙarya A Bakin Ƙofa

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, domin kuwa tun da na daina kai littattafaina maɗaba'a na koma sayar da su ta waya daga ɗakina a nan Jushi, abincina ya rataya a wuyan intanet, dole in san mai iya toshe ta.

Ku ɗauka kuna da shago a kasuwar Sabon Gari, sai maƙiyi ya yi hayar zauna-gari-banza dubu suka cika ƙofar, kowa na taya kaya ba ya saye, mai saye na gaskiya kuwa ya rasa ta inda zai kutsa. Ba a ɗauki ko allura ba, amma ciniki ya mutu. To haka wannan hari yake, sai dai a maimakon mutane, dubban na'urori ake turowa su yi wa shafi ko kamfani ruwan buƙatu har ya sume.

Duniya ta farga da shi sosai a 2007, lokacin da rigima kan ɗauke wani mutum-mutumin sojan Sobiyet ta sa aka durƙusar da shafukan bankuna da jaridu da na gwamnatin Estoniya na kusan mako uku. Sai da wasunsu suka rufe ƙofa ga duk mai shigowa daga ƙasar waje kafin 'yan ƙasa su samu hanya.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Laberiya a 2016, don kishi ne tsagwaronsa, irin wanda muke rubutawa. Wani ma'aikacin kamfanin waya na Cellcom ya yi hayar wani ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya gurgunta kishiyarsu Lonestar. Da me ya yi yaƙin? Da kyamarorin tsaro na bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, waɗanda ba a canza musu kalmar sirrin da suka fito da ita daga masana'anta ba. Manhajar Mirai ta bi su ta kame, suka zama rundunarsa, har abin ya wuce Lonestar ya taɓa intanet ɗin ƙasar. A Janairun 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8.

Mu ma abin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da ECOWAS ta yi barazanar tura soja, wata ƙungiya mai suna Anonymous Sudan ta yi iƙirarin kai wa MTN hari a farkon Agusta, hukumar NITDA kuma ta fitar da gargaɗi.

Maganin dai na 'yan kasuwa ne. A buɗe ƙofofi da yawa a garuruwa daban-daban don cincirindon ya rarrabu, a sa mai gadi mai tace baƙi, wanda ya tambayi farashi sau ɗari a minti guda a kore shi. Aikin da kamfanoni irin su Cloudflare ke sayarwa ke nan, kuma ni a ganina ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ƙarfin yin sa shi kaɗai.

Su kuwa Anonymous Sudan, a Oktoban 2024 Amurka ta bayyana tuhumar wasu 'yan Sudan biyu, wa da ƙani, da tafiyar da ita, ta ce an kai hari sama da 35,000 da kayan aikinsu. Daren da na karanta haka na sa ɗana ya canza kalmar sirrin na'urar intanet ɗin gidanmu, ashe tun da muka saye ta a Samaru ba wanda ya taɓa ta.