Na'urar Sanyaya Ɗakuna Da Yawa: Illar Sayen Wadda Ta Fi Ƙarfin Bukata

Bayani

Na'urar sanyaya ɗaki ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta shi ne kwashe zafin cikin ɗaki ta fitar da shi waje. A ƙasashen sanyi akan juya aikinta, ta jawo zafi daga waje domin ɗumama gida. Daga cikin ire-irenta akwai wadda injinta guda ne a waje, amma yana ciyar da kawuna biyu zuwa biyar a ɗakuna daban-daban ta siraran bututun tagulla. Ana kafa irinta a ofisoshi, asibitoci da manyan gidaje.

Yadda matsalar take

A kasuwa ana auna ƙarfin na'urar da doki: mai doki ɗaya da rabi tana kwashe zafin da ya kai kimanin kilowat 3.5. Na'urorin zamani masu inbata suna rage gudun injinsu idan bukata ta ragu, sai dai ragin yana da iyaka. Idan injin ya yi girma, mafi ƙarancin gudunsa ma yana da yawa.

Misali, a ɗauka an kafa inji mai kilowat 10 domin ɗakuna huɗu, kuma ba ya iya sauka ƙasa da kilowat 3. Da dare aka kunna ɗaki guda, wanda bukatarsa kilowat 1 ce kawai. Injin zai sanyaya ɗakin nan da nan, ya tsaya, ya sake tashi, haka har gari ya waye.

Illolin hakan a Maraɗi

Mai saye a Sabon Gari, Tibiri ko Jiratawa yakan tuna da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, sai ya zaɓi babba. Amma bazara ba ita ce shekara duka ba.

1. Da damina, musamman a watan Agusta, iska tana ɗauke da laima. Na'ura ba ta tsane laima sai ta daɗe tana aiki. Mai yawan tsayawa takan bar ɗaki da sanyi da danshi, takardu da magunguna su lalace.
2. Yawan tashi da tsayawa yana ƙara cin wuta, kuɗin NIGELEC ya ƙaru.
3. Injin yana saurin gajiya, kuma idan ya lalace dukkan ɗakunan ne za su rasa sanyi.
4. Babbar na'ura tana bukatar babban janareto ko farantan hasken rana masu yawa. An ga muhimmancin wannan a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, har zuwa Maris na 2024.

Shawarwari

- A sa ma'aikaci ya auna ɗakuna, ya duba rufi, tagogin da ke kallon yamma da yawan masu zama kafin a saya.
- A nemi sanin mafi ƙarancin ƙarfin injin a takardarsa, ba mafi girmansa kaɗai ba.
- Ɗakin da ake amfani da shi a keɓe, kamar ɗakin kwana ko ma'ajiyar magani, a ba shi ƙaramar na'urarsa.
- A rage zafi tun daga tushe: a sa silin ƙarƙashin kwano, a dasa dogon yaro ta yamma.
- A saita na'urar a digiri 25 ko 26, a haɗa da fanka.
- A riƙa wanke matatar iska, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Hausawa na cewa, daidai ruwa daidai tsaki. Na'urar da ta yi daidai da ɗaki ita ce mai sauƙin kuɗi da tsawon rai.