Tsaftace tsohon kaset da zaren fim kafin a mayar da su cikin kwamfuta

A unguwannin Zongo na Parakou da Djougou, gidaje da dama na ajiye da kaset-kaset na bidiyo: na biki, na suna, na dawowar alhazai, da finafinan Kano da suka fara shigowa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Kamfanin JVC ne ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallonsa, ya daina a 2016. Shi ya sa ake hanzarin kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko waya. Sai dai kwafi ba ya gyara komai: duk dattin da ke kan zaren, da shi zai fito, kuma kaset mai rauni wani lokaci sau ɗaya kawai yake jure juyawa.

Abubuwa biyu ke lalata zare a arewacin Benin. Danshin damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, yana haifar da fumfuna, wadda ake gani fari-fari ta tagar kaset. Sai ƙurar hunturu, mai karce zaren har layuka su riƙa gilmawa a hoto.

Kaset mai fumfuna ba a saka shi kai tsaye a na'ura, domin zai toshe kan da ke karanta hoto, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Da farko a busar da shi: a rufe shi cikin roba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, na kwanaki da yawa. Shanya shi a rana kuskure ne da aka saba yi, zafi yana lanƙwasa zaren. In fumfunar ta bushe ta zama gari, sai a buɗe gidan kaset a share, a riƙa juya zaren a hankali yana bi ta kan ƙyalle mai laushi marar zubar da gashi. A yi wannan a fili da takunkumi a fuska, don garin yana cutar da huhu. Ruwa da sabulu ba su da wuri a nan.

Ita ma na'urar tana son wanki. Ana ɗiga alkol mai suna isopropil a kan farar takarda, a dafa ta a jikin gangar ƙarfen da ke juyawa, a juya gangar da yatsa. Ba a goga sama da ƙasa, kuma auduga na iya maƙalewa ta karya kan.

Wani abin da ke ruɗa mutanen kan iyaka ba datti ba ne. Talabijin ɗin Benin ya yi aiki da tsarin SECAM na Faransa, Najeriya kuwa da PAL. Abin da aka naɗa da SECAM yakan fito baƙi da fari a na'urar PAL, komai yawan gogewa. Maganinsa na'ura mai karanta tsarin biyu.

Zaren fim na ainihi, kamar Super 8 da Kodak ya fitar a 1965, bai yawaita a gidaje ba. Shi ana riƙe shi ta gefe, a kaɗe ƙurar, sannan a ja shi sannu a hankali tsakanin ƙyalle mai ɗan jiƙe da isopropil mai ƙarfin kashi 98 cikin ɗari ko fiye, a bari ya bushe kafin a naɗe. In yana wari mai tsami kamar binega, ya fara ruɓewa ke nan, shara ba za ta tsayar da shi ba. A ware shi daga sauran, a kwafe shi da wuri.

Kafin a miƙa wa mai kwafi kaset, a ɓalle ɗan harshen robar da ke gindinsa don kada a naɗi wani abu a kansa bisa kuskure. Bayan an gama a karɓo na asali, a jingine shi a tsaye, nesa da lasifika da bango mai danshi.