Labarin Annoban Masar da Fitowar Bani Isra'ila a Harshen Hausa

Labarin Annabi Musa da Fir'auna ya shigo kunnen Bahaushe ta hanya biyu, kuma hanyoyin ba su zo da lissafi ɗaya ba. A Katabu, arewacin Kaduna, inda masallaci da coci suke jin muryar juna, ɗan makarantar Lahadi zai ce annoba goma ce, ɗan Islamiyya ya ce ayoyi tara ne, kuma kowannensu daga littafinsa ya ɗauko.

Littafin Fitowa, daga sura 7 zuwa 12, ya jera goma: ruwa ya zama jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, ƙudaje, mutuwar dabbobi, marurai, ƙanƙara, fara, duhu, sai mutuwar 'ya'yan fari, wadda daga darenta Idin Ƙetarewa ya samo asali. Zabura ta 78 da ta 105 sun maimaita labarin, amma sun rage adadin, sun kuma sauya jerin. Alƙur'ani ya ce ayoyi tara a Suratul Isra'i, aya ta 101. Suratul A'araf, aya ta 133, ta ambaci biyar: ambaliya, fara, ƙwarƙwata, kwaɗi da jini, malaman tafsiri suka cika da sanda, da hannu mai haske, da shekarun fari, da tauyewar amfanin gona. Mutuwar 'ya'yan fari ba ta cikin wannan jeri. Ta hanyar Alƙur'ani labarin ya fara zuwa ƙasar Hausa, a kan allo da bakin malamai, kuma azumin Ashura, ranar 10 ga Muharram, godiya ce a kan tsirar Musa da mutanensa.

A kan lokacin fitar ma an rabu. Masu bin 1 Sarakuna 6:1, wadda ta sa shekara 480 tsakanin fita da ginin Haikalin Sulemanu, suna cewa wajen 1446 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu sun dubi birnin Ramses da Fitowa 1:11 ta ce bayin ne suka gina, suka kai abin zamanin Ramses na Biyu, daga 1279 zuwa 1213. Na biyun ya fi zama a hankali, domin dutsen Merneptah, ɗan Ramses, wanda Flinders Petrie ya tono a 1896, shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila, kuma na wajen 1208 ne.

Yawancin masu ba da tarihin Littafi Mai Tsarki na Hausa daga Dakta Walter Miller suke farawa, wannan kuwa tauye haƙƙi ne. Littafin Fitowa ya riga fassarar Miller fitowa da Hausa da shekara fiye da 70. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, ya fara koyon Hausa a Saliyo wajen bayin da aka ƙwato daga jiragen fatake, ya kuma bi tawagar Kogin Kwara ta 1841, amma ƙafarsa ba ta taka Kano ko Katsina ba. Abin da ya gyara masa harshe shi ne zuwan wani yaro, Dorugu.

An haifi Dorugu wajen 1840 a ƙasar Damagaram. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka sayar da shi, har ya faɗa Kukawa, inda matafiyi Adolf Overweg ya fanshe shi, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, yaron ya bi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, har Tumbuktu, daga nan zuwa Ingila a 1855 tare da Abbega, wani Bamargi da shi ma aka 'yanta. Dorugu ya zauna a gidan Schön yana faɗa, Schön yana rubutawa da baƙaƙen boko. A waɗannan shekaru aka buga Matiyu a 1857, Farawa a 1858, sai Fitowa a 1859 a Landan. Ke nan littafin da ke ba da labarin bayi masu kwaɓa tubali, ana hana su ciyawa ana kuma neman adadin jiya bai ragu ba, ya shiga Hausa ne a gidan da wanda aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa yake zaune yana gyara jimla. Ya dace a riƙa ambaton sunansa kusa da na Schön. Tarihin rayuwarsa ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida a 1864, ya rasu a Kano a 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa.

Bauta kuwa tana nan daram a ƙasar da aka yi fassarar dominta. Sai a 1901 Lugard ya shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Walter Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, mishan ɗinsa ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. An sake fassara shi a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da Sheikh Abubakar Gumi, wanda a lokacin Rediyon Kaduna ke watsa tafsirinsa daga Masallacin Sultan Bello, ya kammala tarjamar Alƙur'ani zuwa Hausa.